Fitilun Yaya Hajara a Hanyar Kudenda

Kachia, kafin asuba

Na fita daga gida tun ladan bai yi kiran farko ba, da buhu ɗaya a kaina, da niyyar in isa Kudenda kafin azahar. Ban isa ba sai da rana ta yi ja. Abin da ya faru tsakanin nan da can shi zan jera muku bi da bi, domin tun da na dawo kowa ke ba da labarin yadda ya ga dama, har na ji an ce wai 'yan fashi ne suka tare mu. Ba su ba ne. Da su ne ma da raina bai ɓaci haka ba, tunda ɗan fashi bai karɓi amanar kowa ba.

Sai na fara da bayanin buhun. Sa'ad da nake aiki a masaƙa a Kakuri, wanda ya koya mini injin saƙa wani Ba'indiye ne, Baba Mohan. Shi ya kashe injin ranar da ya cafki hannun rigata. Hannun da nake wannan rubutu da shi, bayan Allah, shi ya bar mini shi. Da masaƙa ta rufe kowa ya kama gabansa: ni na dawo Kachia, shi ya koma wani kamfanin roba a Kudenda.

Mutanensu suna da biki duk shekara bayan ɗaukewar damina, a daren da babu wata, suna ce masa Diwali. Sukan share gida tas, su jera ƙananan fitilun ƙasa a ƙofa da taga da kan katanga, su zuba mai, su sa lagwanin auduga, su kunna. Yayata Hajara maginiyar tukwane ce, kuma tun ina Kakuri ita ke gina masa fitilun. Kowace kamar tafin hannun yaro take, da ɗan baki a matse inda lagwani ke kwanciya. Duk abin da Yaya ta gina, tukunya ce ko kasko ko tanda, sai ta danna babban yatsanta a gefe tun yumɓu na ɗanye. Shi ne sa hannunta.

Bana Baba Mohan ya bugo mini waya ya ce idonsa ya yi rauni, 'yarsa ta zo za ta tafi da shi Indiya da zarar an gama biki, ba kuma zai dawo ba. Ita kuwa Yaya tun bara ta ajiye gini, sanyin ƙashi ya kama mata yatsu. Da na gaya mata sai ta aika aka haƙo mata yumɓu. Kullum ta gina kaɗan, ta tsoma hannu a ruwan ɗumi, ta huta, ta koma. Da aka ƙona su ta jera su a kwando da kanta, shimfiɗar ƙaiƙayin shinkafa, shimfiɗar fitilu, har ya cika. Ta zura kwandon a buhu don kada ƙaiƙayin ya zube, ta ɗinke bakin.

"Iliya," in ji ta, "waɗannan su ne na ƙarshe, nasa da nawa. A cinya ko a kujera. Ban da but ɗin mota."

Na ce na ji.

Na yi sallar asuba a masallacin tasha. Na biya kuɗin kujera biyu a layin baya, ɗaya tawa, ɗaya ta buhu, kuma na faɗa da baki a gaban direba da ɗan kamasho don kada a ce ba a sani ba. Lokacin kaka ne, but ɗin motar cike da buhunan citta da masara har marfin bai rufu ba sai da igiya. Direban matashi ne, da tsinken sakace a baki.

"Baba, buhu ne zai zauna a kujera kamar amarya?"

"Na biya masa. Ko akwai dokar da ta ce sai mai numfashi?"

"Babu. Allah ya kai amarya ɗakinta lafiya."

Aka yi dariya, muka tashi gari na wayewa. Wani ɗan kasuwa a gabana ya tambayi abin da ke ciki, na gaya masa. Ya taɓe baki ya ce, "Malam guda da kai, fitilar masu bautar wuta kake dako?" Na ce masa na farko dai ba wuta suke bauta wa ba, na biyu ba addininsa aka aike ni in gyara ba, kaya aka ba ni in kai. Ya juya ya mai da fuskarsa gaba.

Kufana

Da hantsi muka tsaya a Kufana don a karya kumallo. Akwai mai shayi, akwai ƙosai da soyayyar doya, ƙosan ya sha mai amma da zafinsa. Na ci kaɗan. Sai na ce wa matar da ke kusa da ni, wata mai goyo, ta sa mini ido a buhu, na ɗauki buta na kewaya bayan rumfuna.

Da na dawo na tarar da wani ƙaton mutum da jaka a cinya zaune a kujerar buhuna. Buhun yana but, a saman citta, an ɗaure shi da igiyar da ta ɗaure sauran.

"Na yi magana, Baba," in ji mai goyon. "Ya ce mini ke ce direba?"

Na sami direban yana kurɓar shayi. Na ce wa ya ba shi izini.

"Baba, tsakanin mutum da buhu wa ya fi cancantar kujera?"

"Wanda ya biya."

"Ai shi ma ya biya."

"Wato kujera ɗaya ka sayar sau biyu."

"Yi haƙuri, Baba. A sama na sa shi, ko ƙuda bai hau kansa ba."

Na ce a kwance igiyar a ba ni in ɗora a cinya. Ya ce idan ya kwance sai duk lodin ya zube, sai an sake ɗauri daga farko. A daidai nan motocin da muke tafe tare suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Ku da kuke bin wannan hanya kun san ba mai son a bar motarsa ita kaɗai a kanta. Fasinjoji suka taso mini. Wannan ya ce in ji tsoron Allah, wancan ya ce a kan tukwane zan sa masu garkuwa su kwashe su. Har mai goyon ta kawar da kai. Shi kuwa ƙaton yana ta danna waya kamar ba a kansa ake yi ba.

Na je na taɓa buhun da hannuna. Yana sama kamar yadda ya ce, a tsakanin buhu biyu, bai motsi. Na shiga mota, aka matse ni a lungu. Daga nan duk ramin da taya ta faɗa, a haƙorana nake jin sa.

Shingen da ke kafin Kujama

Mun wuce shingayen masu tsaro lafiya. Su leƙa, su dubi fuskoki, su ɗaga hannu. Mun wuce Kasuwan Magani. Kafin Kujama sai ga wasu mutane sun jawo katako mai ƙusoshi sun gitta a titi, masu karɓar kuɗin kayan gona. Ɗayansu na riƙe da dogon ƙarfe mai tsini da rami a cikinsa, irin wanda 'yan hatsi ke soka wa buhu su ga ƙwayar da ke ciki. Ya zagaya baya yana soka yana kira. "Citta. Citta. Masara."

Na ɗaga murya na ce kada a taɓa na saman. Gilashin gefena ba ya sauka, ƙofar kuma sai daga waje take buɗuwa. Na ce wa ƙaton ya ba ni hanya. Yana neman inda zai ajiye jakarsa na ji sautin. Ƙaras. Wanda ya taɓa taka kasko da takalmi ya san shi.

Mai ƙarfen ya zaro ya karkaɗe a tafinsa, ya ga ƙaiƙayi. Na ji yana ce wa abokinsa, "Wa ke kai ƙaiƙayi Kaduna? Akwai abin da aka ɓoye a nan." Ya sake sokawa ta ɗaya gefen. Ya sake ta ƙasa. Sa'an nan igiyar da aka ce mini ba ta kwantuwa, ya kwance ta da jan hannu ɗaya, ya finciko buhun ya sake shi a kan kwalta.

Da direba ya buɗe ƙofar, ta kan cinyar ƙaton na bi na fita, hulata ta faɗi a mota. Da shekaruna.

"Fitilun ƙasa ne," na ce. "Wata tsohuwa ce ta gina su da hannun da ba ya miƙewa."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Ka tambaya?"

Ya dubi buhun, ya dubi ƙarfensa. Sai ya ce, "Ƙasa ba kayan gona ba ce. Babu kuɗi a kanka, wuce." Da irin muryar wanda ya yi mini alfarma ya faɗe ta. Abokinsa ya ƙara da cewa in yi haƙuri. Direba ya ce in yi haƙuri. Ɗan kasuwan nan na gaba ma ya juyo ya ce in yi haƙuri, komai rabo ne. Ni ban ga wanda ya ce shi ne ya yi laifi ba. Haƙuri kawai ake ta miƙo mini kamar goro a wurin suna.

Da za mu tashi, ƙaton ya buɗe baki a karo na farko ya ce, "Kawo mu ɗora a cinyarmu, Baba, ai akwai wuri." Ashe akwai wuri. Na ɗora a tawa ni kaɗai. Har muka isa gari, duk girgizar da mota ta yi sai in ji cikinsa na kaɗawa kamar tsakuwa a gwangwani.

Sabon Tasha da Television

Cunkoson Sabon Tasha ya riƙe mu har rana ta take tsaka. Tireloli, keke, masu tallan ruwa da ayaba, da wani mai wa'azi da lasifika a kafaɗa. A garejin Television aka sauke mu. Direban ya biyo ni yana miƙo mini kuɗin kujerar buhu. Na ce ya riƙe abinsa, ba kuɗin ne ya fashe ba.

Ban buɗe buhun a can ba. Ba na son a taru a kaina a sake ba ni haƙuri. Na yi azahar, na shiga kasuwa wajen masu tukwane. Akwai tulu, akwai asusu, akwai kaskon turare. Fitilar ƙasa kuwa wata ta ce rabonta da ganinta tun tana yarinya. Wani ya jawo ni rumfarsa ya nuna mini igiyar ƙananan ƙwan lantarki masu ƙyaftawa, ja da kore, ya ce ita Indiyawan ma ke saya yanzu. Na sani. Amma Baba Mohan bai taɓa yarda da ita a ƙofarsa ba, yakan ce wutar da ba ka zuba mata mai da hannunka ba, ta kamfani ce.

Na tari keke zuwa Kakuri. Mai keken Inyamuri ne, ya ga yadda na rungume buhun ya ce, "Baba, ƙwai ne?" Na ce abin fashewa ne. Wallahi tun daga Television har Kakuri bawan Allahn nan kamar mai ɗauke da majinyaci yake tuƙi. Duk rami sai ya zagaye shi, na bayansa na ta danna masa oda yana cewa su haye ta sama. Na kasa gaya masa cewa aikin gama ya riga ya gama. Shi kaɗai ne a duk masu abin hawan ranar ya tambayi abin da na ɗauko kafin ya taɓa shi.

Kakuri

Na zo Kakuri ne don ina bukatar wurin da zan zauna in ga iyakar ɓarnar kafin in tsaya a gaban Baba Mohan. Masaƙarmu tana nan, ƙofar ta yi tsatsa, ciyawa ta fito a kan rufi. Daura da ƙofar, a gindin bishiyar da muke hutu, Mama Kaneng na nan da murhunta. 'Yar Filato ce, mijinta a ɓangaren rini yake kafin ya rasu, kuma tun muna samari take soya masa a wurin.

"Malam Iliya. Kai ne da rana haka? Ina hularka ta yi ƙura?"

Na gaishe ta, na roƙi tabarma. Na farke ɗinkin Yaya na juye kwandon a hankali. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ƙarfen ya bi ta tsakiya sau uku, faɗuwa a kwalta ta ƙarasa sauran. Mama Kaneng ta bar murhu ta durƙusa, muka riƙa tona ƙaiƙayi da yatsu. Duk wadda ta fito da rai ta ajiye ta a gefe. Bakwai muka samu, a kwandon da aka cika don ya zagaye gida.

Na ba ta labari tun daga Kachia. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta ce, "Allah ya isa tsakaninka da direban nan." Sai a lokacin na ji numfashina ya sauka.

"Yanzu me za ka yi?"

"In je in faɗi gaskiya. In miƙa bakwai."

Tana juya ɗaya a hannunta, sai yatsanta ya faɗa cikin shaidar Yaya. Ta tsaya. Ta tashi ta jawo wata tanda daga ƙarƙashin tebur, baƙa ƙirin saboda shekaru a kan wuta, ta kawo mini ta nuna gefenta.

"Wa ya kawo mini wannan?"

Na duba. Yatsan Yaya ne. Ni na kawo mata ita daga Kachia tun masaƙa na aiki dare da rana, da wasu biyu daga baya, da na ga tana sayen na kasuwa suna tsagewa. Na manta sarai.

"Fitila mece ce?" in ji ta. "Ba rami ba ne da mai da lagwani? Ga ramuka nan a jere, kuma hannu ɗaya ne ya gina su."

Na ce ba zai yiwu ba. Al'adarsu sabuwar fitila ake kunnawa, wannan kuwa ta sha hayaƙi, ta sha ƙullu.

"Kai ne Ba'indiyen? Ka je ka tambayi mai bikin mana. Kai dai tun a masaƙa haka kake, doka kafin gaisuwa."

Ta jawo ta biyu. Ta uku tana kan wuta, ga ƙullun yamma a roba ya tashi, ga wani makanike ya zo da kwanonsa. Ta sa tsumma ta sauke ta.

"Mama, masa fa?"

"Yau babu. Je ka ci burodi."

"Ni da nake customer tun ina yaron shago?"

"To yau ka zama customer mai burodi."

Na ce mata ƙullun zai yi tsami kafin gobe. Ta ce nata ne. Muka jira tandar ta huce, muka wanke duka ukun da toka da ruwan zafi da soso har jan ƙasar ya fara leƙowa ta cikin guraben. Ta ɗaura sabon ɗankwali, ta naɗe su a zane, ta ce ba za ta ba ni su in tafi ni kaɗai ba, ta ga yadda kaya ke ƙarewa a hannuna. Na haɗiye wannan, don ba ƙarya ta yi ba. Na yi la'asar, muka tari keke. Tanda a cinyarta, fitilu bakwai a cikin hulata, hular a cinyata.

Kudenda

Hanyar Kudenda tireloli sun cinye ta, ga warin narkakkiyar roba daga kamfanoni. Gidajen ma'aikatan suna bayan wata doguwar katanga. Gida uku ne na Indiyawa a jere, kuma ko da yake mu duk ɗaya muke ganinsu, addininsu ba ɗaya ba ne. Baba Mohan Hindu ne. Maƙwabcinsa mai gemu, wanda masu gadi ke kira Mai Rawani, Sikh ne. Na ƙarshe Jain ne, su da ko albasa ba sa ci don daga ƙarƙashin ƙasa ake tono ta. Kowa da dalilinsa, amma dare ɗaya suke kunna wuta. Gidaje biyun sun riga sun sha igiyoyin lantarki. Na Baba ne kawai katangarsa ba komai, ana jirana.

A bakin ƙofa 'yarsa ta yi zanen fure a ƙasa da garin shinkafa da kala. Na raɓa ta gefe, na ja Mama Kaneng ita ma kada ta taka. Baba na zaune a kujera da fararen kaya, ya rame, idanun sun yi fari-fari. Da murya ya gane ni.

"Iliya. Ka yi latti. A masaƙa da na yanke maka rabin yini."

Hausarsa tana nan yadda na san ta, ta cikin injina. Na tsaya a gabansa na ce ina da bayani. Na farko, na biya wa kaya kujera. Na biyu, a Kufana an mai da su but ba da sanina ba. Na uku, a shinge an soke su da ƙarfe an yar. Na huɗu, bakwai suka rage.

"Har yanzu kana ba da rahoto kamar an tashi daga shifti," in ji shi. Amma bai yi dariya ba. Na zuba masa bakwai ɗin a cinya, ya bi su ɗaya-ɗaya da yatsa, ya sake bin su daga farko. Na gwammace a ce zagina ya yi.

Mama Kaneng ta kwance zane ta ɗora masa tanda a gwiwa ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Ya shafa guraben. Ya bi gefen. Da babban yatsansa ya faɗa cikin shaidar sai ya ɗago kai.

"Hajara ce."

'Yar ta yi magana da Turanci, na tsinci cewa abin tsoho ne kuma baƙi, bai dace da daren ba. Baba ya juya wajen Mama Kaneng.

"Mama, nama ya taɓa shiga nan?"

"Shinkafa da man gyaɗa, Baba. Ko ƙwai bai taɓa ganinta ba."

Ya amsa wa 'yar da Hausa, don mu ji. Ya ce a wurinsu ana cewa wani sarki ne ya yi shekaru a daji, daren da zai dawo gida babu wata, sai mutanen gari suka kunna wuta a ƙofofinsu don ya gane hanya. "Ban ji an ce sai da suka je kasuwa tukuna ba. Kawo mai."

Aka jiƙa sababbin a ruwa don kada su shanye man, aka goge. Ni na murza lagwani, tunda auduga dai sana'ata ce. Mama Kaneng ta zuba man gyaɗa a gurabe da ludayinta na masa, daidai wa daida, ko ɗigo bai zuba ba. Da magariba ta yi, 'yar ta nuna mini lungun baranda inda aka shimfiɗa tabarma da buta a gefe. Haka Baba ke yi mini duk shekara. Su suka shiga ɗakin addu'arsu, ni na fuskanci gabas, Mama Kaneng ta zauna a dakali tana rera 'yar waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya shiga hurumin wani.

Da na sallame sun fito. Aka jera bakwai ɗin a bakin ƙofa, tanda ɗaya a tsakar gida, biyu a kan katanga. 'Yar ta riƙe hannun uban ya kunna ta farko, ta ƙarasa sauran. Kowace tanda ta zama kamar faifai cike da wuta. Mai Rawani ya fito da iyalinsa yana ɗauka a waya yana tambayar inda ake sayar da irin wannan.

Baba ya juya wajen ƙofa, ya ce ƙananan ba ya ganinsu sai dishi-dishi, haka ya yi bara ma bai gaya wa kowa ba. Sa'an nan aka juya kujerarsa wajen tandar tsakar gida, inda harsunan wuta suka taru wuri ɗaya. Ya sunkuya.

"Wannan ina gani," in ji shi. Ya ƙirga su da yatsa daga nesa, bai yi kuskure ba.

A nan zan ja kunnen masu son gyara labari. Tun da na dawo wasu ke ce mini ashe fashewar alheri ce. Ba alheri ba ce. Direba ya sayar da kujera sau biyu, mai ƙarfe ya soki kayan da bai tambaya ba, aikin da tsohuwa ta yi da ciwo ya koma tsakuwa. Alherin na Mama Kaneng ne, kada a ɗauka a raba wa waɗanda ba su yi shi ba.

An ba mu gurasa irin tasu da miyar wake mai yaji, da alewar madara mai zaƙi har tana hawa kai. Kafin Mai Rawani ya mai da Mama Kaneng Kakuri a motarsa, Baba ya roƙe ta tanda ɗaya ya tafi da ita Indiya. Ta ce ya ɗauki tsohuwar, ita ta fi jin wuta. Ya sa hannu a aljihu, ta ce idan ya fito da shi ta fasa. Na kwana a ɗakin baƙi na kusa da ƙofa.

Komowa

Da safe muka yi sallama. Ba mu tsawaita ba, mu duka ba mutanen hakan ba ne. Ya riƙe hannuna na dama, wanda ya sani, ya ce in gaishe da Hajara. Na hau keke zuwa Television, na sami motar Kachia. A shingen nan mai ƙarfen yana nan yana sokar buhunan mutane. Ya leƙo ya dube ni ido cikin ido bai gane ni ba.

Da na sauka na wuce wurin shugabannin tasha na kai ƙarar direban, da lambar motarsa da komai. Suka saurare ni har ƙarshe, suka ce yaron yau ya yi lodin wata hanya, in yi haƙuri.

Bayan la'asar na shiga wurin Yaya. Tana zaune a tabarma, hannuwa a cikin kwanon ruwan ɗumi. Na jera mata kamar yadda na jera muku, ban rage komai ba.

"Nawa suka kai?"

"Bakwai."

"Ban ce maka ban da but ba?"

"Kin ce."

Ta juya hannuwanta a cikin ruwan. Sai na ba ta labarin tandar, da yadda ya gane yatsanta, da abin da ya ce da ya ga wutar.

"Wacce a ciki ya ɗauka? Mai ɗan karkacen gefen nan?"

"Ita."

"Har yanzu ba ta tsage ba." Ta gyaɗa kai. "To ita matar, da biyu za ta riƙa sallamar mutanen Kakuri?"

Na ce haka ta ce za ta yi. Yaya ta fito da hannuwanta daga ruwa ta dube su, ciki da baya.

"Akwai sauran yumɓu a bayan ɗaki. Jiƙa mini."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa mai goyon da ta yi magana ko da ba a ji ta ba, da mai keken da ban tambayi sunansa ba, da Mai Rawani, da Mama Kaneng wadda ƙullunta ya yi tsami saboda ni. Direba da mai ƙarfe ba sa cikin wannan jeri, kuma ba mantuwa na yi ba. Sabuwar tandar Mama Kaneng tana inuwa tana shan iska, da yatsan Yaya a gefenta. Ranar da za ta Kakuri kujera ɗaya zan biya, a cinyata za ta zauna, kuma ko shayi ba zan sha a Kufana ba.